In Sayi Injin Gyaran Ciyawa Ko In Bar Wa Surukina Fartanyarsa?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a ɗora min wannan ba tare da sunana ba, akwai abokan kasuwancina a nan, in suka gane ni gobe zaman shago ba zai yi min daɗi ba. Don Allah ku ba ni shawara, amma ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku fara dariya, don na san da kun ji farkon maganar za ku ce wannan bawan Allah ƙoshi ne ya yi masa yawa. Maganar injin gyaran ciyawa ce, in saya ko kada in saya.

Ni mutumin Funtua ne, sana'ata sayar da maganin feshi da iri da taki, wato abincina daga kashe ciyawa yake fitowa. To amma a cikin gidana, tsakanin get da baranda, akwai ɗan fili da na shuka wa ciyawa da hannuna, irin mai shimfiɗuwa kamar kafet ɗin nan ta filin ƙwallo. Ina ba ta ruwan bohol da rani, ina aske ta, ina zuba mata taki. Babu kalar tsiyar da ban sha ba a kanta. Maƙwabtan shagona har sarauta suka naɗa min, wai Sarkin Noman Ciyawa. Yayana in ya zo sai ya tsaya a kanta yana girgiza kai, ya ce a garin da mutane ke shuka masara har bakin kwata ni na rasa abin da zan ba taki sai abincin akuya, akuyar ma ba ni da ita. Ina taya su dariya. Kowa ya ɗauka kwaikwayon gidajen Abuja nake yi, ni kuma na bar su a haka, don ya fi min sauƙi a kan in faɗi dalili.

Dalilin shi ne ɗana na fari, Allah ya ji ƙansa. Da sikila aka haife shi. Mu a gidanmu har gobe ana kunyar ɗan fari, haka muka taso muka tarar. Ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce kai, ko in ce yaron nan. Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ko ciwon ya tashi za a kai shi asibiti ƙanena ne ke saɓa shi, ni ina biye a baya kamar ɗan rakiya. Ko yanzu da nake wannan rubutu hannuna ya ƙi rubuta sunan. Yaron Allah ya ɗora masa son ƙwallo, ga jiki babu ƙwari, ba ma barinsa zuwa fili don kada manyan yara su banke shi. Sai ya riƙa bugawa shi kaɗai a tsakar gida a kan siminti, rannan ya faɗi gwiwa ta kumbura, sai da muka kwana asibiti. Bayan an sallamo shi ina ɗaki na ji yana ce wa mahaifiyarsa, shi da ma yana da irin filin cikin talabijin, wanda ko mutum ya faɗi ba ya jin ciwo. Sati bai zagayo ba na sa aka fasa simintin, aka kawo ƙasa, na je Zariya wurin masu sayar da furannin ado na cika bayan mota da ciyawa. Na ce wa mutane don gidan ya yi sanyi ne.

Tare muka dasa ta, yana tsugune a gefena da kwano, yana miƙo min ɗan tushe ɗaya bayan ɗaya ina cusawa a ƙasa. Shi ya san tasa ce. Da ta rufe ƙasa ya samo gwangwanin fenti biyu ya ajiye a ƙarshen filin, nan ne ragarsa. In na dawo daga shago yakan turo ƙwallon ta inda zan wuce, kamar kuskure, ni kuma in mayar masa da ƙafa ban ko dube shi ba. Iyakar hirarmu ke nan ni da shi, kuma wallahi ta ishe ni.

Damina biyu ke nan da rasuwarsa. A kan ciyawar nan aka kafa rumfa aka shimfiɗa tabarmi aka yi zaman makoki, jama'a suka yi ta tattakawa, daga baya masu zuwa gaisuwa daga nesa har motoci suka riƙa shigarwa kanta, ni kuma a lokacin ina na ga hankalin hana wani. Kun san ƙasar wajenmu da laka, tun daga nan ta danƙare. In an yi ruwa sai ya kwanta a kai ya ƙi shiga, ciyawar ta fara yin ja wuri wuri, in ka sa yatsa a ƙarƙashinta sai ka ji matacciyar ciyawa ta taru ta yi kauri kamar tsohuwar katifa. Duk da haka ina lallaɓa ta. In na dawo daga masallaci da asuba nakan cire takalmi in tsaya a kai in sha shayina a nan. Nan ne kawai nake jin ba a raba ni da shi gaba ɗaya ba.

Ana cikin haka sai maganar surukina ta taso, mahaifin matata, Baba muke ce masa. Manomi ne a wani ƙauye ta wajen Danja, tun yana yaro ba shi da wata sana'a sai gona. Bayan rasuwar matarsa sai mantuwa ta kama shi, tun ana cewa tsufa ne har ya kai ya fita gona da tsakar rana ya kasa gane hanyar gida. Ɗansa namiji guda ne, yana Malumfashi a gidan haya, ɗaki da falo, ga iyali. Na ga matata tana ramewa a tsaye, ni da bakina na ce a ɗauko shi a kawo shi wurinmu. Na san ba a saba ba, da Baba yana cikin hayyacinsa ko ruwa ba zai sha a gidan surukinsa ba balle ya kwana. Mutumin nan ya ba ni 'yarsa lokacin da jarina bai wuce teburi ɗaya a bakin tasha ba, bai taɓa tambayata me na mallaka ba. Har yau a tsugune nake gaishe shi, kaina a ƙasa, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ya zo da jakar kayansa da carbi da fartanyarsa, wadda ƙotarta har sheƙi take yi saboda daɗewa a hannu.

Bai yi sati ba, rannan na dawo daga masallaci tun daga get nake jin kaf, kaf, kaf. Ina shiga na tarar da Baba a duƙe, ya naɗe wando, yana nome min ciyawa. Ya riga ya share wurin da ya kai faɗin darduma biyu. Kuma ba aikin wasa yake yi ba, in ya kafto sai ya karkaɗe ƙasar, ya juya saiwar sama ta kalli rana don kada ta sake kamawa. Ya ɗago ya dube ni, bai gane ni ba, ya ce, “Kai Malam, wane ragon ne ya bar kiri-kiri ta cinye gonar nan haka?” Wanda ba manomi ba, kiri-kiri ciyawa ce mai yaɗo wadda manoma suka tsana, kuma gaskiyarsa, tawa 'yar uwarta ce, illa dai ni da kuɗina na sayo ta. To me zan ce? Suruki ne. Na tsuguna na ce sannu da aiki Baba, na shige ɗaki na zauna a bakin gado, shayin da ban sha ba ke nan ranar.

Na san wasu za su ce ai abin mai sauƙi ne, a sama masa wani wurin. Wallahi babu dabarar da ba mu yi ba. Na fara da mayar da abin da ya cire, in ya shiga ɗaki da yamma in dasa in ba ta ruwa, washegari ya tarar ransa ya ɓaci, ya yi ta faɗa wai akwai mai yi masa zagon ƙasa a gona. Na ɗaura igiya na raba filin biyu don ya tsaya a ɓangare ɗaya, sai ya ɗauka igiyar daidaita layi ce, ya yi ta sa wa wanda ya ɗaura albarka, ya bi ta tiryan ya ƙetare. Na sa aka zuba tifar ƙasa a bayan gida aka baje masa, matata ta kai shi ta nuna masa, ya duba ya ce wannan ai an riga an nome ta, ya juyo abinsa. Na ɗauke shi a mota na kai shi gonata a bayan gari, yana sauka ya rikice, ya riƙe ƙofar motar yana tambayar ina aka kawo shi, dole muka dawo. Shi dai a duniyar nan yanzu gona ɗaya ya sani, ita ce wadda yake gani in ya buɗe ƙofar ɗakinsa.

Daga ƙarshe matata ta ɓoye fartanyar, ba da sanina ba, amma da na sani ɗin ma ban ce a fito da ita ba. Ya neme ta ya neme ta, har ƙarƙashin tabarma yake ɗagawa. Ya daina cin abinci, sai dai a ɗura masa kunu da lallashi. Ya wuni a baranda yana kallon tafin hannunsa. Rannan bayan azahar aka nemi Baba aka rasa, ashe ya zare sakatar get ya fita. Mun zaga unguwa, mun je tasha, mun je asibiti, matata kuka har muryarta ta dushe. Sai dab da magariba wani mai mashin da ke sayen magani a shagona ya kawo shi, a kan hanyar Danja ya tsince shi, ba takalmi, ƙafa duk ta farfashe, wai zai je gida ya ɗauko fartanyarsa kafin ruwa ya sauka. Ni da kaina na sa matata ta nuna min inda ta ɓoye ta, na ɗauko na jingine masa a ƙofar ɗaki. Washegari ya yi nomansa har hantsi, ya ci tuwo ya nemi ƙari, ya dubi matata ya kira ta da sunan da yake kiranta tana ƙarama, rabon da ya gane ta an daɗe. Likitan da ke duba shi ma ya ce duk abin da hannunsa bai manta ba a bar shi ya riƙa yi, shi ne ke riƙe da shi.

Yanzu ga inda injin ya shigo. Abin da ya rage na ciyawar ya ɗan fi rabi, amma shi ma mutuwa yake yi a tsaye. Na kira mutumin Zariya da na sayo ta a wurinsa ya zo ya duba, ya soka wuƙa a ƙasar ta ƙi shiga, ya ce ciyawar shaƙewa take yi, sama matacciya ta toshe ta, ƙasa kuma laka ta matse saiwar. Ya ce maganinta inji biyu ne, ya nuna min bidiyonsu a waya. Ɗaya sikarifaya yake ce masa, ni injin karce nake kiransa, yana da haƙora da ke karce matacciyar ciyawar su fito da ita. Ɗayan kuma ereta, mai huda ƙasa ramuka ramuka don ruwa da iska da taki su kai ga saiwa. Na nemi haya ban samu ba. A Funtua za ka samu hayar tarakta da injin casar masara da na feshi, amma ka ce kana neman injin da zai sa ciyawa ta yi lafiya, sai a fara yi maka addu'a. Na gwada da manjagara da guntun rodi da kaina, na wuni ban gama faɗin tabarma ba, bayana ya ƙage. Saura dai in saya. Ya ce akwai wanda zai kawo masa su, kuma yanzu ne lokacin aikin, farkon damina ƙasa na da danshi, in aka bari ruwan bana ya sake kwanciya a kanta saiwar ruɓewa za ta yi. Kuɗinsu zai sayi ɗan maraƙi, amma ba kuɗin ne ya hana ni barci ba. Abin da ya hana ni shi ne sharaɗin da ya faɗa, bayan an yi aikin sai an bar ta ta huta makonni, ba a taka ta, balle a sa mata fartanya. Wato in na sayi injin nan, ko dai a sake ɓoye fartanyar Baba, ko a fitar da Baba daga gidan.

Shi mutumin Zariyan ya ce in kwantar da hankalina, ciyawa ai ba ta ƙarewa, duk ranar da na so zai cika min mota da sabuwa. Bai san abin da yake faɗa ba, ni kuma ban yi masa bayani ba. Wannan ɗin ita ce yaron ya miƙo min da hannunsa, daga tushen nan na cikin kwano ta yaɗu. Sabuwa ciyawa ce kawai.

Mun yi faɗa da matata a kan maganar, irin wanda ba mu taɓa yi ba. Ita cewa ta yi in saya, za ta kira ƙanenta ya zo ya tafi da Baba Malumfashi, don ta gaji da jin kunyata, kullum da safe tana kallon fuskata ta tagar kicin tana jin kamar ƙasa ta tsage ta shige. Na ce a can ina zai yi noman, kulle shi za a yi a ɗaki, kuma ta ga abin da ya faru da aka raba shi da fartanya. Ta ce to ta zuba ido mahaifinta ya kashe ni da raina? Raina ya ɓaci, na ce mata ashe ciyawa ta fi mata ubanta. Sai ta ce kada in sake in faɗa mata haka, ba ni kaɗai na haifi yaron ba, ita ma ta tagar nan take ganinsa yana gudu a kai, duk kaftar da Baba ya yi a ƙirjinta take jin ta. Ashe ta san dalilin tun ranar da aka fasa siminti, ba ta taɓa nuna min ba. Tun rasuwarsa ranar ce muka fara maganarsa ni da ita, kuma da faɗa muka yi ta. Mun yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu. Da na kasa haƙuri na ɗan gutsura wa yayana, ya ce mamaci addu'a da sadaka yake buƙata ba ciyawa ba, mai rai kuma ya fi cancanta a duba shi. Na san gaskiya ya faɗa, addu'a ina yi, sadaka ina yi, amma da na koma gida na ga ƙasa ja a inda da kore ne sai da na dafa bango.

Shekaranjiya na yanke shawara zan saya, na ce a raina makonni ne kawai, za mu ɓoye fartanyar, mu sa kwaɗo a get, mu yi ta lallashinsa har lokacin ya wuce. Na fito baranda da hantsi, waya a hannuna zan kira mutumin Zariya. Baba yana duƙe, ya kusa kaiwa inda gwangwanayen fentin nan suke, don har yau ban ɗauke su ba. Sai ya ɗago ya yafito ni. Na je na tsuguna. Ban gaya muku ba, tsakaninsa da yaron akwai wasan kaka da jika sosai, abokina yake ce masa, duk hutun damina can ƙauye yake tafiya, Baba ya gasa masa masara suna ci suna tsokanar juna. Ranar jana'iza Baba yana sahun gaba, har kabari ya je. Duk ya manta.

Ya share gumi ya ce, “Malam, ka ga sauri nike, ruwa ya sauka. Ja'irin abokin nan nawa ya ce lallai bana in shuka mashi masara ta gashi, in ban yi ba ba ni da sakat.” Ya ɗan waiga ya dubi cikin gida, ya ce, “Yana ina ne? Kira mani shi ya zo ya riƙe mani iri.” Ya faɗi sunan.

Na ce to Baba. Na yi zaton zai manta ya koma aikinsa, amma ya dogara da fartanya yana kallona yana jira. Suruki ya aike ka, ya za ka yi? Na miƙe na juya na fuskanci baranda, na buɗe baki na kira sunan ɗana da ƙarfi, karo na farko a rayuwata. Na ji wani abu ya faɗi a kicin ya fashe. Muka kasa kunne ni da Baba muna saurare. Can ya yi 'yar dariya ya ce, “Rago, barci yake. Ƙyale shi, bari in gama kafin ya tashi.” Ya duƙa ya ci gaba.

Ban kira mutumin Zariya ba, ban kuma ce masa na fasa ba, jiya ma ya turo saƙo yana tambaya. Jama'a kaina ya ɗaure. In na sayi injin na ceci abin da ya rage min na yaron, amma na san abin da zai faru da tsohon nan, na riga na gani da idona. In na bari, kafin kaka ba sauran ko tushe ɗaya. Akwai wanda ya taɓa riƙon tsoho mai irin wannan mantuwar, za su iya jure makonni ba abin da suka saba? Akwai wanda ya san ciyawar nan, in na cire ɗan tushe na dasa a bokiti zai rayu? Yanzu haka da nake rubutun nan hadari ya haɗo, kuma ina jin ƙarar fartanyar daga ɗaki. Don Allah ku gaya min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba, in kira mai injin, ko in je shago in ɗebo wa Baba irin masara?